Kafin wuƙa ta taɓa fatar ido

A ƙauyukan karkarar Kano akwai tsofaffin matan da ba sa rabuwa da matsefata. Wata ta ƙulle ta a bakin zane, wata ta rataya ta a wuya da zare. Idan hantsi ya ɗaga, haske ya wadata a tsakar gida, sai a kira jika mai kaifin ido. Kakar ta kishingiɗa a tabarma, yarinyar ta ɗaga mata fatar ido da ɗan yatsa, ta riƙa tsige gashin da ya juya ciki ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na zuba, amma an samu sauƙi. Bayan 'yan makonni gashin ya sake tsirowa, gajere, mai tsini, ya koma gogar ƙwayar ido duk lokacin da aka ƙifta. Mutum kuwa yakan ƙifta ido sau dubbai a wuni guda.

Wannan shi ne matakin ƙarshe na amosanin ido, wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke kira amodari, likitoci kuma su ce tirakoma. Ciwon ba a tsufa yake farawa ba. Ƙwayar cuta ce ke kama yara ƙanana, tana yawo daga ido zuwa ido ta hannu, ta tsumman goge fuska, ta bakin zanen goyo, da ƙudajen da ke sauka a kan kwantsa da majina. Yaro ya kamu ya warke, ya sake kamuwa, shekara da shekaru. Kowane kamu yana barin ɗan tabo a cikin fatar ido ta sama. Idan tabon ya taru sai ya ƙanƙance, ya ja bakin fatar zuwa ciki, kamar yadda ɗanyar fata ke nannaɗewa idan an shanya ta ba a kafe ta ba. Daga nan gashin da Allah ya halitta don ya kare ido sai ya koma yana kankare shi, har hakiya ta rufe baƙin idon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.9 ne ciwon ya makantar ko ya raunana wa gani, kuma mata kan makance har ninki huɗu na maza, don su ne ke manne da yara tun suna 'yan raino har su zama kakanni.

Tsakanin 2012 da 2016 an yi wani gagarumin aikin ƙidayar ciwon a ƙasashe 29, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar Sightsavers, aka duba idon mutum miliyan 2.6. Jihar Kano na ciki. An bi ƙananan hukumominta 44 ɗaya bayan ɗaya, kuma Farfesa Caleb Mpyet na Jami'ar Jos da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon. Abin da ya fito fili shi ne a akasarin ƙananan hukumomin yawan manya masu juyayyen gashin ido ya haura mizanin da Hukumar Lafiya ta gindaya, wato ƙasa da mutum 2 cikin 1,000 na masu shekara 15 zuwa sama waɗanda hukumomin lafiya ba su san da su ba. Ko da an daina kamuwa da ciwon yau, tabon da ke idon iyayenmu yana nan, kuma babu ƙwayar da za a haɗiya ta miƙe fatar da ta riga ta lanƙwashe. Sai aiki.

Aikin kansa ba mai tsawo ba ne. Ana yin allurar kashe zafi a fatar idon, mutum na farke, a tsaga guringuntsin da ke cikin fatar, a juyo bakinta waje, a ɗinke. Minti 15 zuwa 20 ya isa ido ɗaya. Ba sai babban likita ba. Nas ɗin ido da ya samu horo yana yi, kuma ana iya yi a ƙaramin asibitin ƙauye idan an tsabtace ɗaki an dafa kayan aiki. Wannan sauƙin ne ya sa ake iya kai aikin garuruwa irin Kafin Maiyaki a ƙaramar hukumar Kiru, inda mutanen Bebeji da Tudun Wada da masu gangarowa daga Doguwa ke iya haɗuwa ba sai sun shiga birni ba. Sai dai sauƙin nan yana da nasa haɗarin. Yakan sa a ɗauka cewa duk wanda ya zo yana hawaye a kwantar da shi kawai. Ni kuwa a ganina, rabin nasarar aikin ana samun ta ne ko a rasa ta tun mutum yana zaune a benci, kafin a buɗe kwanon kayan aiki.

Abin da tocila ke nunawa

Kayan binciken ba su da yawa: tocila mai haske, tabarau mai ƙara girman abu ninki biyu da rabi, ɗan tsinke mai auduga, allon gwajin gani, da hannu wankakke. Mai duba yakan zaunar da mutum ya fuskanci haske, ya ce masa ya dubi gaba, ba tare da ya taɓa fatar ba tukuna, domin da zarar an ja ta gashin zai ɗaga daga kan ido a kasa ganin gaskiyar lamarin. Sai ya haska daga gefe, ya haska daga ƙasa. Gashi nawa ne ke taɓa ƙwayar? A tsakiya suke, daidai kan baƙin ido, ko a kusurwa? Bakin fatar ya juya ciki, ko fatar tana zaune daidai gashin ne kawai ya karkace? A ƙa'idar masu aikin, gashi 1 zuwa 5 ƙaramin juyi ne, daga 6 zuwa sama babba.

A nan matsefata takan ruɗi wanda bai ƙware ba. Tsohuwar da aka tsige wa gashi jiya za ta zo yau babu ko ɗaya da ke taɓa idonta. Mai gaggawa zai ce, "Iya, idonki lafiya lau," ya sallame ta. Mai lura zai ga gurbin gashin fayau a bakin fatar, ya ga guntayen da suka karye, ya tambaya, "Iya, ana cire miki gashin ido a gida?" Shi ya sa ma'anar da Hukumar Lafiya ta ba ciwon ta haɗa da alamar tsigewar kwanan nan, ba gashin da ake gani kaɗai ba.

Sai juya fatar. Mutum ya dubi ƙasa, mai duba ya kama gashin da yatsu biyu, ya ɗora tsinken a bayan fatar, ya kifa ta. Cikin fatar ido mai lafiya ja-ja ne, sumul, ana ganin ƙananan jijiyoyin jini a jere. Na mai amosani kuwa za ka ga fararen zare-zare sun gitta, wani lokaci farin layi guda ya bi tsawon fatar, jijiyoyin sun ɓace a ƙarƙashinsa. Idan ciwon ya yi nisa fatar takan yi tauri har ta ƙi kifuwa. Wannan tabon shi ne shaidar da ke nuna inda matsalar ta samo asali, kuma dubansa bai kai minti ɗaya ba.

Muhimmancinsa shi ne ba kowane gashi mai soke ido ne amosani ba. Tsufa kaɗai yakan sa fatar ido ta ƙasa ta saki ta juya ciki. Ƙuna da wuta ko ruwan batir, tsohon rauni, daɗaɗɗen kumburin bakin fata, da mummunan rikicin da wasu magunguna irin su Septrin da Fansidar kan tayar wa wasu mutane har fata da baki da ido su saɓule, duk suna iya karkatar da gashi. Kowanne da irin gyaransa. A taron masana da aka yi a Jeniba a watan Nuwamba na 2018, an tsayar da cewa fatar ido ta sama kaɗai za a riƙa lissafawa a matsayin juyin amosani. Wanda nasa a ƙasa yake, a tura shi ga likitan ido. Aikin da aka koya wa nas na fatar sama ne, kuma yin sa a inda bai dace ba ɓarna ce.

Daga nan a ce wa mutum ya rufe ido a hankali kamar mai barci. Idan aka ga tazara, farin ido na leƙowa, to fatar ta gajarce, ko dai saboda tabo, ko tsohon aiki, ko kuturta, ko shanyewar jijiyar fuska. Wanda idonsa ba ya rufuwa, aikin da aka saba yi zai iya ƙara buɗe shi, ƙwayar ta bushe, gyambo ya fito. Irin wannan yana buƙatar wanda ya iya ƙara wa fata tsawo, kuma sai a manyan asibitoci ake samunsa.

Haka yaro. Juyin amosani ciwon manya ne, don tabo yana ɗaukar shekaru kafin ya taru. Idan aka ga shi a ƙaramin yaro, a nemi dalili da kyau, kuma yaro ba zai kwanta shiru a yi masa allura a fatar ido ba, sai an sa shi barci a inda ake da kayan yin haka. Haka wanda aka taɓa yi wa aikin gashin ya dawo: fatarsa ta riga ta sha wuƙa, aiki na biyu ya fi na farko wuya, kuma bai kamata a miƙa shi ga sabon hannu ba. Wanda ya zo da ido ja yana zubar da ruwa ko mugunya, ko da gyambo a baƙin ido, magani yake buƙata a ranar, cikin hanzari. Akwai kuma masu zuwa da ƙari a fatar ido. Hazbiya takan tafi da kanta ko da ɗan gashi da ruwan ɗumi, amma ƙarin da ya daɗe, yana jini, ya cinye gashin da ke wurin, musamman a jikin zabiya, ana tsoron daji ne, ba abin da za a yanke a ƙauye a yar ba. Fatar da ta faɗo ta rufe ido farat ɗaya, tare da ganin abu biyu-biyu ko ciwon kai mai tsanani, wannan maganar jijiya ce ko ƙwaƙwalwa, a nufi babban asibiti ba tare da jinkiri ba.

Sauran jiki ma yana da ta cewa. Fatar ido wuri ne mai yawan jini, kuma mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba zai yi ta zuba har mai aikin ya kasa ganin inda yake yanka. Mai ciwon suga rauninsa kan yi nawar warkewa. Dattawa da yawa a karkara ba su taɓa ɗaura abin awon jini a hannu ba, sai ranar aikin ido ake gano suna da shi. A tambayi ko mutum na shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko allurar kashe zafi ta taɓa yi masa illa wajen cire haƙori, ko zai iya kwanciya rigingine na rabin awa ba tari ba haki.

Gaskiyar da ake faɗa kafin aiki

Gwajin gani shi ne wanda aka fi tsallakewa idan layi ya yi tsawo, kuma shi ne wanda tsallake shi ya fi jawo rigima. Ana kafa allo a nisan mita 6, mai alamar da ke fuskantar sama ko ƙasa ko gefe, mutum ya rufe ido ɗaya ya nuna da hannu, don haka ba a buƙatar iya karatu. A rubuta abin da kowane ido ya gani. Sannan a haska baƙin idon a ga ko hakiya ta hau, a leƙa ciki a ga ko akwai yana.

Dalili shi ne yawancin masu zuwa, gani suka zo nema. Sun ji an ce za a yi aikin ido kyauta, kuma sun san wani da aka cire wa yana ya dawo yana zura zare a allura. Aikin fatar ido ba haka yake ba. Yana ɗauke gashi daga kan ƙwaya, zafi ya tafi, hawaye ya ragu, mutum ya iya buɗe ido a rana, wasu ma ganinsu ya ɗan ƙaru. Amma hakiyar da ta riga ta zauna ba ta gogewa. Idan ba a faɗa wa Baba haka ba tun yana zaune, ranar da aka kwance bandeji zai ce an yi masa aiki bai gani ba, ko ma ya ce aikin ne ya kashe idon, kuma idan babu rubutaccen gwajin farko babu mai iya nuna masa yadda idon yake a da. Maganarsa za ta zaga majalisa da masallaci da gidan suna. Mutum goma da aikin zai cece su za su fasa zuwa.

Abin da ya kamata a ji daga bakin mai duba ba shi da wuya: "Baba, wannan aikin zai hana gashin nan cin idonka, abin da ya rage na gani mu tsare shi. Farin da ya riga ya hau ba zai fita ba." Wanda ke da yana da juyin gashi a tare kuma a gaya masa cewa fatar ake fara gyarawa, don ba a buɗe ƙwayar ido alhali gashi na gogar ta yana tara mata ƙwayoyin cuta.

Mutanen Kano suna da dalilin yin tambaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Kamfanin nan dai shi ne ke ba da kyautar Zithromax da ake rabawa don yaƙar amosanin ido, maganin da ya taimaki miliyoyin mutane, wanda kuma akan ba wanda aka yi wa aiki. Wanda ya tsaya yana tambayar mene ne wannan, me za a yi mini, ba gardama yake yi ba. Haƙƙinsa ne, kuma dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba ba yarda ba ce.

Ga mata akwai ƙarin lissafi. Sau da yawa sai da izinin maigida ko babban ɗa, kuma gara a nemi wannan tun kafin ranar, ta bakin mai unguwa ko limami. Wa zai rako ta, tunda idan ido biyu aka yi za ta kwana a ɗaure? Wa zai karɓi girki na 'yan kwanaki, don hayaƙin murhu da ƙurar sussuka ba su dace da sabon ɗinki ba? A ƙasar noma irin wannan, inda masara da shinkafa da rake ke cinye damina da kaka, wanda aka kira aiki a tsakiyar girbi ba zai zo ba, wanda ya zo kuma washegari yana gona. Tambayar yaushe ya fi maka sauƙi tana cikin bincike.

Wani kuma zai ji komai ya ce a'a. Wannan ma ba a kore shi. Wani bincike da aka yi a yankin Amhara na Habasha, aka wallafa a 2011, ya kwatanta aiki da tsigewa ga masu ƙaramin juyi. Aiki ya fi hana gashi taɓa ido, amma ta fuskar gani da lafiyar baƙin ido ba a ga wani babban bambanci ba. Saboda haka mai gashi biyu ko uku a kusurwa, wanda fatarsa ba ta juya ba, ko wanda ya ƙi aiki, ana iya ba shi matsefata mai kyau, a koya wa wani mai lafiyar ido a gidan yadda zai kama gashin daga tushe kada ya karye, a kuma sa ranar sake dubawa. Akan ce ciwon ido sai haƙuri. Haƙurin da ke da amfani a nan shi ne wanda ake yi da sanin ma'aikacin lafiya, sunan mutum na cikin littafi.

Shi ma mai wuƙar a duba shi

Gashi yakan dawo bayan aiki, kuma wannan ce babbar damuwar masu harkar. Burin da ake so shi ne kada ya kai kashi 10 cikin 100 a shekara guda, amma a wurare da dama ya fi haka nesa. Wani ɓangare na dalilin yana ga tsananin tabon da mutum ya zo da shi, abin da binciken farko ke nunawa. Wani ɓangaren yana ga hanyar aikin. Dakta Esmael Habtamu da abokansa sun gwada hanyoyi biyu a kan mutum 1,000 a Habasha, suka wallafa a 2016: wadda ake tsaga fatar gaba ɗaya har waje, gashi ya dawo wa kashi 22, wadda ake tsagawa ta ciki kawai, wadda aka daɗe ana yi a Nijar da Mali, kashi 13. Sauran dalilin yana hannun mai aikin. Shi ya sa ake gwada ganinsa da ƙwarewar yatsunsa kafin a ɗauke shi horo, ya fara koyo a kan kan roba mai fatar ido ta roba, sannan ya yi aiki a gaban malami kafin a ba shi shaida. Wanda ya daɗe bai yi ba hannunsa yakan yi sanyi.

Abin da nake tsoro shi ne lissafi. Masu ba da tallafi adadi suke tambaya, an yi wa mutum nawa. Ghana ta samu shaidar kawar da ciwon a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Benin da Mali a 2023, kuma wa'adin duniya 2030 ne. Kowa na son Najeriya ta shiga sahu, ni ma haka. Amma idan adadin waɗanda aka yanka shi kaɗai ake yabawa, wanda ya tsaya ya juya fata, ya gwada gani, ya ce wa mutum uku cikin goma ba nan ne wurinku ba, shi zai zama kamar malalaci. Ya kamata littafin aiki ya nuna mutum nawa aka tura gaba, nawa aka ba matsefata, nawa suka ƙi, kuma a ɗauki waɗannan a matsayin aiki.

Tura mutum gaba kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wannan yanki. Kano na da inda za a je: asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, asibitin Murtala, asibitin ido na Makka, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Amma tsohuwar da ke ƙauyen Doguwa, bayan dajin Falgore, sai ta biyo ta Tudun Wada, ta fito Kwanar Dangora, ta kama hanyar birni, da ɗan rakiya, da kuɗin mota na mutum biyu, da wurin kwana. Takardar da aka rubuta mata aka ce je ki Kano, idan ba a haɗa da ranar zuwa, da sunan sashen da za ta nema, da hanyar samun kuɗin mota ba, a ƙarƙashin katifa za ta ƙare. Su kuwa waɗanda ake turawa su ne masu ciwo mafi tsanani.

Wanda aka yi wa aikin ma bai gama ba sai an gan shi sau uku: washegari a kwance bandeji a duba yadda bakin fatar ya zauna, tsakanin kwana 7 zuwa 14 a cire zare idan ba mai narkewa ba ne, sai bayan wata 3 zuwa 6 a ga ko gashi ya dawo, ko tsiron nama ya fito a cikin fatar, ko bakinta ya karkace. Zaren da aka manta a ciki shi kansa yana jawo tsiron. Waɗannan ranaku tun a benci ake faɗarsu, a rubuta a kati, a gaya wa ɗan rakiya, a kuma bar sunayen a hannun ma'aikacin lafiyar da ke zaune a garin, domin ayarin masu aikin da ya zo daga birni zai naɗe kayansa ya tafi, kuma ma'aikacin garin ne za a ƙwanƙwasa wa ƙofa idan ido ya kumbura da daddare.